Ganyen Gwaza da Babban Yatsan Kawuna

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka kama hanya daga Kano, mu uku a mota ɗaya. Hadari ya rufe gabas, amma ruwa bai sauko ba. Da yake wasunku sun yi ta tambayar inda na shige kwana biyun nan, bari in ba ku labarin daga tushe, don in na ce muku ganye na je nema ba tare da bayani ba, za ku ɗauka wata lalura ce ta same ni.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wata jami'a a nan Kano. Shekara ashirin da 'yan kai ina wanke kwalabe, ina haɗa sinadarai, ina hana ɗalibai ƙona mana gini. Farkon shekarar nan wata malama ta sashenmu ta dawo daga karatu a ƙasar waje. Dakta muke ce mata. Ta dawo da wani ɗan falle baƙi, bai fi faɗin akwatin ashana ba, tana ajiye shi a cikin ɗan akwatin roba kamar zinare. Abin da aka shimfiɗa a kansa sunansa girafin. Yadda ta yi mini bayani, baƙin nan ne na cikin fensir, in aka yi ta ɓare shi, ana ɓarewa, har ya rage fallen da ba ya ƙara rabuwa. Sai masu binciken can suka sa hasken leza, wani siririn haske mai ƙuna, suka zana masa layuka ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. In ka karkata shi a haske sai ya ba da kore, ya koma shuɗi, ya koma ruwan goro, alhali ba a sa masa rini ko ɗigo ba. In kuma ka ɗiga masa ruwa, sai ruwan ya dunƙule kamar ɗan dutsen carbi, ya mirgina ya faɗi, wurin a bushe ƙayau.

Ran da na fara gani, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Dakta, ai wannan gwaza ce." Na gaya mata muna yara, in ruwa ya tare mu a fadamar kakata a Fagam, ganyen gwaza muke kifawa a ka. Ta ce ai dama daga ganye aka kwaikwayi abin, sai dai ganyen can ƙasar waje ne. Burinta ta kwaikwayi namu na gida, kuma ranar Litinin mai zuwa za ta tsaya gaban kwamitin da ke ba da tallafin bincike, da wannan fallen guda ɗaya a hannunta da kuma duk abin da ta iya samowa. Ta ce, "Malam, sai ka kai ni."

Na ce to, daga baya na zauna ina da-na-sani. Ba a zuwa Fagam sai an bi ta Gwaram, a Gwaram kuma Kawuna yake, yayan mahaifiyata, malamin da ke karantar da littattafai a zaurensa. Rabona da shi tun rasuwarta, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba faɗa muka yi ba. Kullum sai in ce wani satin, har satuttukan suka taru suka zama abin kunya.

Na ukunmu maigidan Dakta ne, wani Alhaji mai sayar da shadda da atamfa a kasuwa. Motarsa ce, shi ke tuƙi, kuma tun kafin mu fita gari ya bayyana mana dalilinsa na biyo mu: yana so ya ji ko wannan bincike zai haifar da shaddar da ba ta jiƙewa kuma ba ta koɗewa. Ya ce in haka ne, shi ne dila na farko. Da muka tsaya shan mai ya kalli lambobin famfon suna gudu, sai ya yi salati ya kau da kai, ya ce wannan ma wani bincike ne da ya kamata jami'a ta yi.

A gadar Wudil kogin ya cika ya yi ja, masu yashi sun janye motocinsu can tudu. Daga nan gonaki ne hagu da dama, gero ya fitar da kai, dawa ta kai kafaɗa. Mun karya kumallo a Kwanar Huguma, shayi da ƙosai. Ƙosan ɗari biyar da a unguwarmu za a ɗora maka a tafin hannu, nan sai da matar ta cika mana leda, ta ƙara uku gyara. Titin ba laifi, sai dai wasu ramuka da ruwa ya ɓoye, waɗanda ba ka sanin zurfinsu sai kanka ya gaisa da rufin mota.

Wajen ƙarfe tara duwatsun Birnin Kudu suka bayyana, manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka jera su. A bayan gari na hango wani tafki da bado ya rufe, sai na ce a tsaya. Na tabbatar wa Dakta cewa ganyen da ya kwana a kan ruwa tun da aka halicce shi, ai shi ne sarkin ƙin ruwa. Na naɗe wando na shiga taɓo na tsinko uku. Ta fito da kayan aikinta, ba su da yawa: sirinji marar allura, gorar ruwa, kyamara, da kula mai ƙanƙara. Ta ɗiga ruwa a kan badon. Sai ruwan ya baje abinsa, ya kwanta shame-shame. Ta sake, haka. Alhaji ya dube ni, ya dubi taɓon da ke ƙafata.

Kafin mu ankara mutane sun kewaye mu. Sirinji a hannun mace mai gilashi, ga kula, ai dole a yi zaton masu rigakafi ne. Wani ya ce ruwan tafkin ake gwadawa za a kafa kamfani. Wata tsohuwa da ke ɗauke da ƙwaryar zogale za ta kasuwa ta tambayi abin da muke nema, da aka gaya mata sai ta yi dariya har da sauke kaya. Ta ce, "Ku da Allah, ba ku taɓa wanke zogale ba? Ai sai ka danna shi da hannu yake yarda ya nutse." Dakta ta karɓi reshe ɗaya ta ɗiga. Ruwan ya tsaya cak a dunƙule, yana ƙyalli, ta ɗan karkata ganyen ya gangare. Ni da na shekara hamsin ina cin kwaɗon zogale ban taɓa lura ba, don ban taɓa wanke shi ba. Muka sayi ƙwaryar gaba ɗaya, tsohuwar ta juya gida tana yi mana addu'ar Allah ya ƙaro irinmu.

A mota Dakta ta yi mana bayanin sirrin. Ta ce irin wannan ganye, in ka sa shi a madubin ƙara girma, ba sumul yake ba. Cike yake da 'yan tudu-tudu, an kuma yayyafa musu wani abu kamar kakin zuma. Ruwan a kan tsinin tudun yake zama, iska na ƙarƙashinsa, kamar mutumin da ya kwanta a gadon kara. Tun da bai taɓa ƙasa sosai ba, ba shi da abin kamawa. Alhaji ya ce shi a iya saninsa abu mai santsi ne ruwa ke zamewa a kai. Ta ce ai abin mamakin ke nan, kaushin ne ke korar ruwan.

A Kiyako muka sauka gefen wata fadamar shinkafa. Mai gonar, wani magidanci mai faɗin kafaɗa, yana cire ciyawa, ya fito yana goge hannu a riga. Ya ba mu izini, amma ya ce kada mu taɓa wadda ta yi ciki. Da Dakta ta ɗiga ruwa, ɗigon ya bi tsawon ganyen ya sauka. Ta juya ganyen a kwance don ya gangara ta gefe, sai ya ƙi, ya tsaya yana rawa. Manomin ya ce, "Ai ba ya ƙetarawa, Hajiya. Raɓa ma haka take yi, layi take bi." Ta tsaya tana kallonsa, don abin da ya faɗa a tsaye cikin taɓo shi ne abin da suka zana da leza: layuka masu nuna wa ruwa hanya. Ya tambaye mu da gaske daga Kano muka taso don wannan. Da muka ce e, sai ya ce to in mun gano, mu fara da buhu, don bara ruwan ƙarshe ya lalata masa shinkafa a masussuka.

Daga nan zuwa Gwaram na yi ta tsara gaisuwa a raina ina rushewa. Mun shiga gari bayan azahar, babura na ta kai-komo, ƙananan bas-bas sun yi layi ana kiran fasinja. Muka sayi goro da sukari da lemo, na nuna wa Alhaji lungun, ina fatan a ce Kawu ya yi tafiya.

Yana zaure. Ya tsufa fiye da yadda na zata, gemun ya yi fari fat, amma idon nan nasa yana nan. Na durƙusa. Ya ce, "Ɗanjuma ne? Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya iyali? Ya aiki?" Haka ya jero gaisuwar tsaf kamar jiya muka rabu, da sunan da dangin uwata kaɗai ke kirana da shi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Inna, matarsa, ita kam ba ta ɓoye ba, tana ganina ta fashe da kuka, sannan ta shiga ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, da fura mai sanyi a ƙwarya.

Tun shigarmu na lura da takardu shimfiɗe a kan tabarmi a gefen zauren, an danne kowace da ɗan dutse. Kawu ya ce littattafan mahaifinsa ne, kakana, waɗanda ya kwafa da hannunsa. Makonni uku da suka wuce indararon ɗakin soro ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi ya yi ta tsiyaya a kan gafakokin ba wanda ya sani. Na ɗauki wata warƙa na duba. Rabin shafin rubutu ne mai kyau, baƙi da ja, rabin kuma tawadar ta narke ta bi takarda kamar hayaƙi. Wasu warƙoƙin sun manne da juna. Ya ce kullum da hantsi yake raba su da bakin wuƙa, ɗaya-ɗaya, abin da ya tuna ya cike a wata takarda, abin da bai tuna ba ya bar wa Allah.

Da ya tambayi abin da ya kawo mu, Dakta ta buɗe akwatinta. Ta ɗiga ruwa, ya mirgina ya faɗa tabarma. Kawu ya gyara zama. Ya ce a sake. Aka sake sau huɗu. Ya tambayi da me aka yi shi, ta ce asalinsu ɗaya da gawayi da baƙin tukunya. Ya miƙa hannu ya jawo kurtun tawadarsa ya ajiye kusa da fallen, ya ce, "To ai 'yan uwa ne. Me ya sa nawa ke narkewa, naki yana korar ruwa?" Ta ce ƙaron da ke riƙe tawadar ne ke son ruwa, ba baƙin ba. Ya jinjina kai, ya daɗe yana kallon takardun nan. Sannan ya yi tambayar da na san tana zuwa.

"'Yata, ba a shafa wa takarda?"

Dakta ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Baƙi ne, zai rufe rubutun, wutar da ake zana shi da ita kuma za ta ƙone takardar. Wataƙila nan gaba a samu wata hanya. Yanzu dai babu."

Ya ce, "Madalla da gaskiya."

Don ta sauya zancen sai ta matsa bakin ƙofa ta karkata fallen a rana. Kore ya taso, ya koma shuɗi. Kawu ya ce wane irin rini ne wannan. Ta ce babu rini, layukan ne ke rarraba haske, kamar wuyan tantabara. Ya leƙa tsakar gida inda tantabarunsa ke tsattsagar tsaba, ya ce shi shekara hamsin yana kiwonsu, a zatonsa maiƙo ne. Ya karɓi fallen a tafinsa, yana juyawa. Mutum ne da ya shekara sittin yana gwada bushewar tawada da yatsa. Kafin wani ya yi motsi, ya ɗora babban yatsansa a tsakiya ya murza da ƙarfi, ya ɗago yatsan yana dubawa ko launi ya fita.

Na ga hannun Dakta ya taso ya tsaya a iska. Da ta karɓa ta karkata, gefe-gefen na nan da launinsu, amma tsakiyar ta zama baƙi dusu-dusu, daidai faɗin yatsa. Ta ɗiga ruwa a wurin. Ya baje ya zauna.

Kawu ya ce, "Na yi ɓarna ko?"

Ta ce, "Ba komai, Baba."

Ya ce, "Da komai. Ga shi nan a fuskarki. Akwai wani?"

Alhaji ne ya amsa, a hankali, ya ce shi ke nan guda ɗaya, kuma jibi za ta nuna shi. Kawu ya ajiye hannunsa a gwiwa yana kallon yatsan. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta buɗe. Ni na kawo baƙi, ni na kawo su gidan da na yi shekara goma sha ɗaya ban taka ba, ga abin da ya biyo baya. Dakta ta rufe akwatin ta shiga wajen Inna, ba ta sake fitowa ba sai da aka kira la'asar.

A gidan muka kwana. Da safe, muna dawowa daga masallaci ni da Kawu, ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Ɗanjuma, uwarka ce ta rasu. Ni ban rasu ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na buɗe baki zan kawo uzuri, na ga duk uzurin da na tara a mota ba mai tsayuwa, sai na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun jiya, amma yana so in ji. Sannan ya ce in gaya wa baƙina da shi za a tafi Fagam, don fadamar kakata an daɗe da mayar da ita rake, kuma shi ya san mai gwaza.

Hanyar Fagam ta fi ta jiya kyau a ido, ta fi ta wuya a mota. Duwatsu sun matso kusa, ciyawa ta yi tsawo, shanu na ƙetare hanya ba sa sauri don kowa. Inda kwalta ta ƙare muka bar motar a ƙofar wani mai shayi muka hau babura. Kawu ya tattare babbar rigarsa ya zauna a bayan ɗan acaɓa kamar saurayi. Dakta ta hau wani babur, kular tana kan cinyarta.

Mai gwazar wata dattijuwa ce, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata, Gwaggo muke ce mata. Tun daga nesa ta ce wannan tafiyar ta gidan su wance ce, ta ambaci sunan uwata. Ta kai mu bayan gari, wani kwari mai damshi, ga gwaza nan ta yi kumari, kowane ganye ya kai faifai. Ruwan da aka yi da daddare yana nan a tsakiyarsu, dunƙule-dunƙule, fari kamar azurfa. Na taɓa wani ganye, ruwan ya yi ta zagaye a ciki kafin ya zube, bai bar ko alama ba. Na dubi Dakta, don ni dai an wanke ni daga abin kunyar bado. Ta yi murmushi kaɗan, ta durƙusa ta fara ɗaukar hoto.

Kawu yana gefe yana kallo. Can sai na ga ya kama wani ganye, ya ɗora wannan babban yatsan dai ya murza. Na ce a raina, yau ma? Ya karɓi gorar ruwa ya zuba. Ruwan ya gudu ko'ina, amma daidai inda ya murza ya kama, ya yi tabo kore shar. Ya kira Dakta, ya ce, "'Yata, zo ki gani. Ashe ba naki kaɗai ba ne. Na Ubangiji ma yatsa na ɓata shi."

Gwaggo ta ce, "Malam, ka bar murje mini ganye. Ko da yake in yana jikin uwarsa warkewa yake. Tumaki na gogarsa kullum in sun ratsa, bayan 'yan kwanaki ka ga ruwa na gudu a wurin."

Dakta ta miƙe tsaye. Ta ce, "Gwaggo, sake faɗa." Gwaggo ta maimaita, tana mamakin abin da ke ciki. Dakta ta shiga jero tambayoyi: kwana nawa, tsohon ganye ko sabo, da rani ma haka ne? Wasu Gwaggo ta amsa, wasu ta ce ita ba ta taɓa ƙirgawa ba, gwaza take nomawa ba kwanaki ba. Dakta ta juyo gare ni. Ta ce babbar matsalar irin fallenta ke nan a duk inda ake yin sa: yana da kyau a akwati, amma hannu ɗaya ya isa ya kashe shi, shi ya sa har yau bai zama buhu ko rufi ko shadda ba. Ganye kuwa yana sake fitar da kakinsa. Ta ce, "Malam, ni ina ta tambayar yadda ganye ke korar ruwa. Wannan an riga an sani. Yadda yake gyara kansa ya kamata in tambaya."

Nan take ta sa Kawu aiki. Ta zaɓi ganye uku, ta ce ya murza na farko a hankali, na biyu matsakaici, na uku da irin ƙarfin jiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce wannan fannin ya ƙware. Alhaji ya ciro wani ƙyallen atamfa daga aljihu, irin wanda yake nuna wa masu saye, ya yayyaga aka ɗaura wa kowane ganye alama. Muna cikin haka ruwa ya kece. Ba wurin fakewa, sai Gwaggo ta karya mana ganye ɗai-ɗai. Ku yi tunanin malamin zaure, da malamar jami'a, da babban ɗan kasuwa, da ni, a jere a kan kunyar gona, kowa da ganye a ka. Kanmu bai jiƙe ba. Daga kafaɗa zuwa ƙasa kam ba a magana.

Gwaggo ta ƙi karɓar ko sisi, ta ma haɗo mu da dafaffiyar gwaza mai zafi da ƙuli-ƙuli, muka ci a rumfar mai shayi muna ɗigar ruwa. Da muka koma Gwaram, Dakta ta ɗauki kyamararta ta nuna mini yadda ake ɗaukar shafi: a inuwa, daga sama, ba walƙiya. Muka ɗauki warƙa talatin da 'yan kai kafin lokaci ya ƙure, cikin ɗaruruwa. Alhaji ya kira wani magini ya duba indararon. Da za mu tafi na fara cewa insha Allahu zan riƙa zuwa, sai Kawu ya ɗaga hannu ya ce kada in yi alkawari, in na zo zai gan ni.

Mun shigo Kano ana kiran magariba, kula cike da ganye, motar Alhaji ta yi kalar hanya. Washegari ni na ɗauki kayan zuwa ɗakin taron kwamitin. Dakta ba ta ɓoye tabon ba. Da shi ta fara. Ta ɗiga ruwa a gefe ya gudu, ta ɗiga a tsakiya ya zauna, ta ce wannan aikin yatsa ɗaya ne, sannan ta ɗora ganyen gwaza a tebur. Wani dattijon farfesa ya karɓi sirinjin ya yi ta wasa da ruwa a kan ganyen har shugaban zaman ya yi gyaran murya. Ba su ce sun ba ta ba, ba su ce sun hana ba. Sun ce ta faɗaɗa tsarin ta dawo da shi, wanda waɗanda suka san kwamitin suka ce alama ce mai kyau. Muna jira.

Ranar Alhamis ina wanke kwalabe wayata ta yi ƙara. Kawu ne, karo na farko da ya taɓa kirana. Ashe acaɓa ya hau shi kaɗai ya koma Fagam da butarsa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce in rubuta. Ganye na farko ruwa na gudu a kansa kamar ba a taɓa shi ba. Na uku, mai murzar ƙarfi, har yanzu yana kamawa, sai dai tabon ya ragu daga gefe. Na ce na biyun fa? Ya ce na biyun akuya ta cinye shi har da ƙyallen Alhaji, a gaya wa Dakta ta yi haƙuri, zai murza wani.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Na shekara ashirin ina ɗauka ilimi a cikin kwalba yake, sai an auna an rubuta. A kwana biyu na ga mai zogale, da mai shinkafa, da mai gwaza, kowannensu riƙe da wani yanki na abin da ake ƙetare teku a koyo, ba wanda ya taɓa tambayarsu. Na kuma ga ɓarnar da ta sa mu kwana da baƙin ciki ita ce ta ba Dakta tambayar da ta fi wadda ta fita da ita. Game da ni kaina, na gane zuwan da na yi ta jin tsoro bai fi tafiyar awa uku da durƙuso ɗaya ba.

Asabar ɗin da ta wuce na koma Gwaram ni kaɗai a motar haya, da aron kyamarar Dakta. Kawu na raba warƙa da bakin wuƙa, yana miƙo mini, ina ɗauka. A gefen wani shafi da ruwa bai kai ba ya tsaya, ya matso da shi kusa da ido, ya karanta mini wani ɗan rubutu da kakana ya yi da jar tawada: ranar da aka haifi uwata ce, da sunan da aka raɗa mata. Ya ce in ɗauki wannan sau biyu.